Ranar da Na Gaida Katsina Baki Ɗaya

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na shiga gidan rediyo ba. Zamanin kuɗin mai ne, sababbin motoci sun cika gari, amma famfon unguwarmu a Ƙofar Durɓi ya ƙafe ƙaf, matanmu da yara sai rijiya mai nisa.

Dattawa suka ce a kai kuka wurin Alhaji Lawal, mai shirin koke-koken jama'a. Wannan bawan Allah, in ya yi magana da hantsi, kafin la'asar ka ga ma'aikata da diga. Shi ya tara mu gayyar yashe kwatoci, shi ya sa aka yi wa makarantarmu rufi. Ni aka zaɓa, wai na fi kowa baki (ni ma a lokacin na yarda).

Da na isa gidan rediyon, aka ce in jira a kira ni. Ina! Da na hango shi ta gilashi sai na nufi ɗakin da yake. Ban kula da jar fitilar da ke saman ƙofa ba, na tura, na tuɓe takalmi, na durƙusa.

"Ranka shi daɗe! An wuni lafiya? Ina gajiya? Ya iyali? Ya Hajiya? Ya muka ji da zafi?"

Ya ɗora yatsa a leɓe. Ni kuwa na ɗauka in matso yake nufi. Na matsa har bakin abin magana, na ce, "Wallahi Alhaji, da jin muryarka na zaci ƙato ne. Ashe ɗan firit ne kai!"

Ashe kai tsaye ake watsawa. Katsina duk ta ji. Da na gane, maganar famfo ta bi iska.

Alhaji bai ko ɓata rai ba. Ya yi dariya ya ce, "Jama'a, ga baƙo daga Ƙofar Durɓi, ƙishirwa ba ta hana shi ladabi ba." Sai ya zayyano matsalarmu tiryan-tiryan, har da inda bututun ya fashe. Ashe tuni ya je ya gani da idonsa. Wallahi kwarjininsa ya cika ni har na ji ƙwalla.

Cikin satin ruwa ya dawo. Dattawa suka tafi yi masa godiya, ni aka ce in zauna gida. Tun daga nan na koyi cewa ko gaisuwa ce, sai in fara duba wa ke saurare.