Ranar Da Na Zama Farfela A Gidan Surukai

Ko da zan manta komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da kawuna ya raka ni Gwiwa gaida mahaifin Hadiza ba. Ranar ce zai ce ya ba ni ita ko ya hana. Tun daga Kazaure, muna kan babur, kawu yake ja min kunne: "Ka durƙusa, ka sunkuyar da kai. Duk abin da ya ce, naka na'am Baba."

Da farko na yi abin kirki. Aka kawo fura, ko kallonta ban yi ba. Sai tsohon ya shiga labarin ƙuruciya, lokacin yana fataucin fatu, ya ce ya taɓa hawa jirgi mai farfela daga Kano zuwa Legas. Fukafukansa a sama suke, in ji shi, ta taga har garken shanu kana hangowa.

Nan fa kunya ta gudu. (Ban taɓa shiga jirgi ba, amma tun ina yaro nake haukan jirage.) Na ɗago kai na fara zuba: yadda bayan yaƙin duniya na biyu masana suka ɗauko sabon injin jet suka ɗaura masa farfela, jijjigar nan ta tsofaffin jirage ta ragu, ga ƙarancin shan mai, ga sauka a ɗan ƙaramin fili. Ƙarfe cike da mutane yana ratsa gajimare lumui! Wallahi har tsigar jikina tashi take.

"Baba, ai kukansa ma ba ruri ba ne, fito ne!"

Kawu ya mintsine ni, ban ji ba. Na miƙe tsaye na rangaɗa fito (fito fa, a zauren suruki), na shiga wulwula hannuwa. Hannun babbar rigata ya kwashi ƙwaryar furar nan ya kifar a cinyar tsohon.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Tsohon ya dubi rigarsa, ya dubi kawu, ya ce:

"Malam, kukan nan shi ne sak, shekara da shekaru rabona da jinsa. Sai dai namu ko shayi bai zubar ba."

Ya ba ni Hadiza. Amma har yau Farfela ake kirana a Gwiwa. Na dai ɗauki darasi: in za ka tashi sama a gidan surukai, ka fara duba inda aka ajiye fura.