Rasuwar Gwangwanin Em-an-Bi na Gidan Nababa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kai a sunkuye, Malam Nababa, tsohon direban motar gishiri da ke zaune a hanyar Kwandere, Lafia, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar amininsa, gwangwanin ƙwayar Em-an-Bi. Ya cika ranar Talata, cikin damunar bana ta 2003, yana da shekara arba'in da huɗu a gidan.

Yaran yanzu ba su san marigayin ba, don an daɗe da daina ba da irinsa. A zamaninsa kuwa, wane mutum! Shi ake ba mai ciwon haƙarƙari, shi ake dakawa a barbaɗa a gyambo, shi ne kuma maganin sanyi. Marigayin ya zo gidan ne daga wata disfensare, wato ɗakin shan magani, a 1959, shekara biyu bayan auren Nababa da Batulu. Ya zauna a kan kanta, mai haƙuri, mai riƙon amana. Ba ya magana sai an girgiza shi, sannan ya ce kacau-kacau.

An kuwa girgiza shi! Duk baƙon da ya yi tari a zauren nan, sai Nababa ya sauko da gwangwanin ya ba da labarin yadda ya cece shi daga sanyin da ya ɗauko a hanyar Awe. Kowa ya ɗauka sanyin ruwan sama ne, irin mai kama ƙirjin direba. Nababa bai taɓa cewa haka ne ba, bai kuma taɓa gyara wa kowa fahimta ba. Ba wanda ya tambaya me ya sa mutumin da ya sha maganinsa ya warke yake da sauran rabin gwangwani.

Jinyar ajali gajeriya ce. Kwanon rufin ɗaki ya yi yoyo, ruwa ya bi ta tsatsar murfi, ƙwayoyin suka narke suka koma kamar kullun kamu. Aka girgiza, shiru. Nababa ya ruɗe, ya kira maƙwabciyarsu Sista Iveren, tsohuwar nas, ko za a iya shanya su. Batulu tana gefe tana ɓarar agushi.

Sista ta zaro audugar da ke ƙasan gwangwanin, sai ga takarda a naɗe, wadda Nababa ya manta da ita sarai. Baiwar Allahn nan ba ta iya karatu a zuci ba. Ta karanta da ƙarfi, tana juyawa da irin Hausarta, har ta kai inda ya kamata ta tsaya, ba ta tsaya ba. Sanyin dai ba na ƙirji ba ne. Wancan ne, wanda ake ɗaukowa a masaukin direbobi. Takardar ta ce kaso biyu aka bayar, ɗaya na Nababa, ɗaya na matarsa Batulu, ta sha ko da ba ta jin komai.

Nababa ya sha nasa. Na Batulu ne ya rasa bakin da zai miƙa mata da shi. Kullum sai ya ce gobe. Kunyar minti biyar ya guda, ga shi yau yana jin wadda ta hana shi zuwa masallacin unguwa.

Marigayin ya bar murfinsa da audugarsa. Ya bar Sista Iveren, wadda tun ranar take zagayawa ta bayan gida. Ya bar Nababa, da ba ya iya haɗa ido da kowa. Ya bar Rahmat, 'yarsu tilo, wadda aka haifa kafin zuwansa. Ya kuma bar Batulu, wadda daga Rahmat ba ta sake samun ciki ba, ta yi shekara goma sha ɗaya tana shan jiƙe-jiƙe daga Lafia har Agyaragu, dangin miji suna mata habaici, mijin yana zaune yana cewa a bar wa Allah. Ko shan maganin zai sa ta sake haihuwa a lokacin, Sista ta ce ba wanda zai iya rantsuwa. Nababa dai ya san bai ba ta ba.

Game da jana'iza, Nababa ya haƙa rami a gindin mangwaron bayan gida tun ranar Laraba, da hannunsa, yana son a rufe a wuce wurin. Amma gawa ba ta hannunsa. Batulu ta ɗauke gwangwanin, ta goge shi, ta ajiye a gefen gadonta. Sau uku yana zuwa ƙofar ɗakin yana sallama. A na ukun ta amsa, ba tsawa ba kuka, ta ce ai ba a binne kayan mutum sai da izininsa, kuma nata ne, sunanta ne a takarda. Ya riƙe mata shekara arba'in da huɗu, ta gode, yanzu ta karɓa.

Don haka ramin yana nan a buɗe, ba a sa rana ba. Ba za a yi zaman makoki a zaure ba, ba sadakar uku, ba ta bakwai. Masu zuwa ta'aziyya kada su tsaya wurin Nababa, ba shi aka yi wa rashi ba. Su wuce ciki.