Takardar da Na Saka a Aljihun Malam

Shekara ashirin ina gidan Malam a Unguwar Rogo, ban taɓa iya ce masa ina marmarinsa ba. Tun da na yaye auta ya daina leƙo ɗakina, ni kuma kunya ta ɗaure mini baki.

Da na gama ajin yaƙi da jahilci, sai na ɗauki kaina babbar malama. Na rubuta duk abin da ke raina, na saka masa a aljihu, ina jin duk Sakkwato ba mai dabarata.

Na manta Malam ajami kaɗai yake karantawa.

Da hantsi ƙanwarsa Hajo ta zo gaisuwa. Ya miƙa mata takardar. "Duba mi anka rubuta nan, ko ta asibiti ce." Ta karanta da ƙarfi a tsakar gida, ina tsaye da ludayi a hannu.

Malam ya sa takalmi ya fita. Har yau bai ba ni amsa ba.

Hajo kuwa, duk gidan sunan da muka haɗu sai ta ɗaga murya: "Matar yaya, a rubuta wa nawa mijin irin taki!" Mata su yi ta shewa.