Kwana Bakwai Ina Kwaɓa Ƙasa

Na sha jin yadda shehunai ke jarraba mai neman ilimi da aikin wahala. Shekarar da naira ta fito na je Gyaɗi-Gyaɗi wajen wani babban malami, a shirye nake. A ƙofar gidansa wani dattijo mai kwarjini ya ce, "Samari, kama mini kwaɓar ƙasar nan."

Na ce a raina, na gane ka, Malam. Kwana bakwai ina kwaɓa, bakina alaikum.

A na takwas na durƙusa na nemi karatu. Ya ce, "Ai ni magini ne. Malam yana zaure, kullum sai ya tambayi wane ne kai."

Malam ya karantar da ni, ban ga mai haƙurinsa ba. Amma har yau in katanga ta tsage a Tarauni, sai a tuna da ni a ce, "A kira Shehun Laka."