Alƙali da Karatun Dafa-duka

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Wanda Ya sanar da ɗan Adam abin da bai sani ba. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon da ya kwaɗaitar da mu neman sani, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a wata unguwa cikin birnin Zariya akwai wani dattijo, Malam Zubairu, tsohon alƙali. Ya daɗe da ajiye aiki, amma ɗabi'ar alƙalanci ba ta ajiye shi ba. Mutum ne mai son ganin kowane abu a muhallinsa: mai ƙara a dama, wanda ake ƙara a hagu, shaidu kuwa a waje har sai an kira su. Wannan hali ya bi shi har bakin akushi, domin ba ya cin dafa-duka. Ba wai ya sami nassin da ya hana ta ba ne, a'a, cewa yake yi abinci ne da ba a san mai gaskiya a cikinsa ba. Shi dai a kawo masa shinkafa a kwanonta, miya a nata.

Ana nan sai jikarsa Suwaiba ta sami gurbin karatu a jami'a, a wani sashe da ake haɗa wa ɗalibi fannonin kimiyya da dama a digiri guda. Mahaifinta ya ce shi bai ƙi ba, amma ba za ta tafi ba sai da yardar Malam. Malam kuwa da ya ji labari sai ransa bai kwanta ba. Abin da ke cin sa shi ne majalisar bayan la'asar, inda abokinsa Alhaji Ɗanlami ke ambaton "jikana likita" a kowane zama, alhali yaron ko allura bai fara riƙewa ba. Shi fa, in an tambaye shi, me zai ce jikarsa take zama?

Ya sa aka kira ta bayan azahar. Ta shigo zaure da sallama, ta durƙusa, ta tarar an ajiye masa kwanoninsa biyu yana wanke hannu. Tsakaninsu akwai wasan jika da kaka, saboda haka ita kaɗai ce a gidan take iya mayar masa da magana ta kwana lafiya.

Ya ce, "Amarya, an ce za ki jami'a. Me za ki karanto mana?"

Ta ce, "Allah gafarta Malam, lissafi ne, da fiziks, da kemistiri, da bayoloji."

"Na tambaye ki abu guda, kin kawo mini shaidu huɗu. Wanne ne naki a ciki?"

"Dukkansu, Malam. Tare ake karanta su."

"To in kin gama, likita za a ce da ke?"

"A'a."

"Injiniya?"

"A'a, Malam. Masaniyar kimiyya. Ka ga rijiyar bayan masallaci da ke sa yara ciwon ciki duk damina? Mai kemistiri zai faɗi abin da ya narke a ruwan, mai bayoloji ya faɗi ƙwayar cutar da ke ciki, mai fiziks ya faɗi ta inda ƙazanta ke tsatsowa. Kowa ya faɗi nasa ya tafi, rijiya na nan yadda take. Ni so ake in ji maganar dukkansu, in haɗa ta."

Malam ya ji hujjar ta yi nauyi, amma bai nuna ba. Ya buɗe kwanon shinkafa, ya ce, "Wannan ai dafa-duka ce. An tara komai a tukunya guda, ba a san shinkafa ba, ba a san miya ba."

Suwaiba ta ce, "Ashe ba kai ne kake ba mu labarin ka karanta nahawu da fiƙihu da lugga da hisabi ba, har malaminka ya kira ka mutafannini, mai fannoni da yawa?"

Dattijo ya yi murmushi, don nan filinsa ne. Ya ce, "Mu littafi-littafi muka bi, yarinya. Sai ka sauke wannan a buɗe maka wancan. Ba a taɓa dama mana su kamar fura ba."

Malam ya ga shari'a ta zo hannunsa, sai ya gyara zama kamar yana kan buzun kotu, ya ce, "Ga hukunci. Kawo mini shaida guda, mutum mai hankali, wanda aka ba shi abubuwa a rarrabe, kowanne da mutuncinsa, shi kuma da gangan ya cakuɗa su don ya fi amfana. In kin kawo shi, kin tafi jami'a. In babu, sai ki jira baɗi ki nemi karatun likita."

Yana faɗin haka ya yi bisimilla, ya ɗauki kwanon miya ya tuttula a kan shinkafa, ya sa yatsu yana juyawa a tsanake, yadda ya saba yi tun kafin a haifi uban yarinyar.

Suwaiba ta dubi kwanon, ta sunkuyar da kai cikin ladabi, ta ce, "Allah gafarta Malam, shaidana yana zaune a gabana. Sai dai a yi masa uzuri, ba zai iya ɗaga hannu ya yi rantsuwa ba, hannun na cikin dafa-duka."

Malam Zubairu ya tsaya da loma a hannu. Ya dubi yatsunsa, ya dubi kwanon miyar da ya zama wayam, ya nemi inda zai soke shaidar bai samu ba. Sai ya kai lomar baki, ya tauna a hankali, ya haɗiye, sannan ya ce:

"Kotu ta karɓi shaida. Je ki a dafa ki, amarya. Amma ki gaya wa masu girkin kada su ƙara yaji, wanda ke bakinki ya isa tukunyar."

Allah Ya sanya albarka a karatun zuriyarmu, Ya yi gafara ga wanda ya rubuta da wanda ya karanta. Amin.