Rasuwar Madam Tono, Tukunyar Sodabin Zannu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙugu mai cike da ciwo, dattijo Zannu Kpadonu na ƙauyen Tokpa, a ƙasar Dogbo, yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da masu zuwa ɗanɗano kullum ba su taɓa saye ba, rasuwar tukunyarsa ta dafa sodabi (barasar da ake yi da bammi), wadda kowa ya sani da Madam Tono. Ta cika ranar kasuwar Dogbo da hantsi, a gindin mangwaron bayan gida, a hannun wani mai walda da bai isa ya share mata toka ba.

Marigayiya ta fara rayuwa a matsayin duron mai a bakin teku, a Kwatano. Mahaifin Zannu ne ya ɗauro ta a bayan keke, ya ɗora ta a kan duwatsun murhu, ya haɗa ta da bututun jan ƙarfe mai ratsa randunan ruwan sanyi. Tun daga ranar take shan wuta, ba a taɓa jin ƙorafinta ba. In an cika ta da bammi, an liƙe bakinta da ƙullun rogo, sai ta fara gur-gur-gur a hankali, kamar tsohuwar da ta ƙoshi da tuwo ta kishingiɗa. Can sai ka ji ɗis, ɗis, ɗis a bakin bututu. Ɗigon farko na ƙasa ne, rabon kakanni, sauran kuma na masu rai. Ba a ɗaura aure a Tokpa ba, ba a binne babba ba, sai da hannunta a ciki.

Sirrinta ɗaya ne, kuma yanzu babu amfanin ɓoye shi: ba a taɓa wanke ta ba. Mahaifin Zannu ya bar wasiyya cewa ƙanzon da ke gindinta shi ne ɗanɗanon gidan, wanda ya sa mata ruwa ya wanke sunan ubansa. Hunkpe, ƙanen Zannu da ke hayin rafi, shi ne bai ji wannan ba. Ya sayi sabon duro mai sheƙi da kan famfo a gindi, yana dirje shi da sabulu kamar kwanon asibiti, abin da ke fitowa daga ciki kuwa ko kaza ta sha sai ta nemi ƙari. A makokin kawunsu, a gaban jama'a, Zannu ya rantse cewa ranar da bamminsa ya shiga wannan gwangwanin, to a fara kiransa ƙanen Hunkpe.

Maganar gaskiya, marigayiya ba ta yi jinya ba. Mai ita ne ya yi. Bayan kowace dahuwa sai an karkata ta an zubar da ruwan zafin da ya rage, ƙugun Zannu kuwa ya daina yarda da wannan aikin. Ga shi ya riga ya sare bishiyoyin kwakwarsa, bammi yana ta tsiyaya, jarkoki sun cika suna kumfa, kuma bammi ba ya jiran kowa: in bai shiga wuta ba, tsami zai yi ya lalace. Matarsa Sika ta ce a kira Hunkpe ya riƙa kama masa. Zannu ya ce gara ƙugun ya karye.

Ana cikin haka surukinsa Selestin ya zo, ɗan acaɓa ne a Kwatano, irin mutanen da in sun kwana biyu a birni sai su dawo suna koya wa kaza tono. Ya zaro kan famfo daga aljihu.

"Baba, duniya ta ci gaba," in ji shi. "A huda gindinta a sa wannan, kana zaune ka murɗa da yatsa. Ai kawu Hunkpe ma haka yake yi."

"Kada ka ƙara haɗa ta da wancan gwangwanin," in ji Zannu. Amma ya karɓi kan famfon yana jujjuya shi, ƙugunsa kuwa yana ba shi shawara.

Washegari Selestin ya ɗauko mai walda, wani Firmin, da tulun gas ɗinsa da baƙin tabarau mai ido ɗaya. Firmin ya kai hanci bakin marigayiya, ya ja da baya.

"Tsoho, wannan sai an wanke ta, a cika ta da ruwa har wuya. Da sauran numfashin barasa a cikinta, in ya ji wuta zai tashi."

"Ruwa? Ubana bai wanke ta ba, ni ban wanke ta ba, sai kai da aka yaye jiya? Fanko ce. Yi abin da ya kawo ka."

"Maigida, ka saurari mai sana'a," in ji Sika daga madafa.

"Ke ji da tuwonki."

Sannan, don kada tartsatsi ko ƙazantar walda su faɗa cikin ƙanzon ubansa, Zannu ya kwaɓa ƙullun rogo ya liƙe bakinta ruf.

Iyalan marigayiya suna so duniya ta shaida cewa laifin na Firmin ne. Mai sana'ar kirki, in ya san abu, ba ya biye wa tsoho mai ciwon ƙugu. Shi kuwa wannan sakaran ya ɗaga kafaɗa, ya gyara tabarau, ya kunna wuta. Marigayiya, wadda duk rayuwarta ba ta taɓa ɗaga murya ba, ta yi magana sau ɗaya: bum. Gindinta ya haye mangwaro ya sauka a garken aladu. Firmin ya rasa girarsa da ragowar idon tabaransa. Selestin kuwa, mai ci gaban duniya, an hango shi yana keta gonar rogo, ya bar babur ɗinsa a jingine, har yau bai aiko a kai masa ba.

Ta rasu ta bar bututun jan ƙarfe, wanda ya lanƙwashe don baƙin ciki, da randuna, da duwatsun murhu da suka zama marayu, da mazurari. Ta kuma bar kan famfon, angon da ba a kai ga ɗaura musu aure ba, wanda aka tsinta a cikin toka ko ƙwarzane bai yi ba. Zannu yana roƙon mai shi ya zo ya ɗauke shi kafin ya jefa shi masai.

Za a yi jana'iza ranar kasuwa mai zuwa, bayan rana ta karkata. Gangar jikin za a buɗe ta a miƙe, Sika ta riga ta ce tana so don tuyar garin rogo, kuma ba ta ko yi kunyar faɗa a gaban gawa ba. Gindin ya zauna wurin aladu, tunda can ya zaɓa. Ƙanzon ne kaɗai za a kankare a binne a gindin mangwaro, inda ake zuba wa kakanni.

Binne irin wannan ba ya yiwuwa sai an zuba sodabi a ƙasa, kuma masu jaje sun shanye kwalbar ƙarshe tun ranar farko. Jarkoki kuwa sun fara warin tsami. Don haka yau da safe aka ga Zannu ya tsallaka rafi, yana dogara sanda, amalanke cike da bammi yana biye da shi. Hunkpe ya tarbe shi da fara'a, ya ba shi kujera, ya sa aka sauke kayan kusa da duronsa mai sheƙi.

"Sannu da hanya," in ji Hunkpe. "Sai dai ban san gaisuwar da zan yi ba. In durƙusa ne, ko in jira a durƙusa mini?"

Masu zuwa ta'aziyya kowa ya zo da kofinsa. Za a ba ku abin da ya fito daga hayin rafi, ku sha ku yi shiru. Duk wanda ya kuskura ya ce ya yi daɗi, a haɗa shi da ƙanzon a rami ɗaya.