Ranar da Na Cire Ciyawa a Zobe

Da na sayi gonar rani a Zobe, na rantse ba mai taɓa komai sai da izinina. Har Malam Iro, da ya tsufa a noman albasa, nake koya wa riƙon fartanya.

Wata safiya na tarar da fangali guda cike da siririyar ciyawa, ma'aikata ko a jikinsu. Na naɗe wando na tsuguna.

"Alhaji, ai wannan..."

"Malam Iro, tsaya ka ga aiki!"

Sai da na tuge ta tas, ina haki, ya ce, "Irin albasarmu ke nan, na dashen bana duka."

Har yau in na shiga kasuwar Dutsin-Ma, masu albasa rufe kayansu suke yi: "Jama'a, ga mai cire ciyawa nan!"